Ƙirgan Magariba

Kafin ladan ya gyara murya
Duna ya riga shi.
Kuka uku, sai ya tsaya yana saurare
ko zai ji tarin Baba daga zaure.
Wata bakwai ke nan jakin nan bai haƙura ba.
Na gwada kwaikwayon tarin, ya dube ni, ya kau da kai.

Sharar turke ita ce gaisuwata da awaki.
Kashinsu kamar carbin da zarensa ya tsinke,
ina tara shi jikin darni,
rabon gonar gero ne, ran da hadari ya tuna da mu.

Kyalla ba ta sakin nono sai da hira.
Na durƙusa, goshina a haƙarƙarinta,
ina ba ta labarin kasuwar Miriya,
tiyar dusa ta ƙara dala ashirin,
ta kaɗa kunne, wai ba da ita ake ba.
Rabin ƙwarya na tsaya. Saura na ɗanta ne.
Baba ya ce wanda ya tatse akuya ƙarƙaf
ya ci bashin da babu ranar biya.

Ruwa kuwa, nan Damagaram ce,
baƙo ne shi mai jan aji.
Bido shida a amalanke,
mu bi tsakanin duwatsun nan masu kwanciyar giwaye,
mu tarar layin fanfo ya kai gindin tsamiya.
Gwaggo Cima ta ce, har yanzu kana wahala da tsohon jakin nan?
Na ce, shi ke wahala da ni.

Da hantsi dusa da jar kanwa,
da hannu ake damawa, kara ba ya jin gudaji.
Balamin da nake kiwo don layyar wani
ya tura ni da goshi tun ban ajiye tasa ba.
Ba na sa masa suna. Na san dalili.
Na hau rumfa na sauko da harawa,
ido ya ƙirga abin da ya rage: dami sha ɗaya,
damina kuma tana can nesa kamar Agadas.

Rana ta take, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa.
Ina cire kaska a kunnen tunkiya
zabi suka fasa ihu,
shirwa ce, ta sauko, ta tashi wayam.
Kazar Gaji ta buɗe fiffike, ƴaƴa takwas suka ɓace a ciki.

La'asar na ɗauki ƙugiya zuwa gindin gawo,
ƴaƴansa na zubowa, awaki na rububi,
ƙaya ta karɓi zakkarta a yatsana.

Baba da suna yake ƙirga su,
ni da lamba, don ni ɗan lakkal ne.
Tara. Na sake. Tara.
Goma ya kamata.
Sai bakina ya kama kiran da ban san na riƙe ba:
Kyalla, Gajera, Mai-Tozali, Uwar-Rigima,
har na zo kan Saɓani, shiru.

Bayan rumbu tocila ta same ta,
kwance cikin ƙaiƙayi, tana lasar abu biyu masu rawar sanyi.
Na share wa na biyun hanci da gefen rigata,
ya yi atishawa, ya nemi tsayuwa, ya faɗi, ya sake nema.
Sha biyu.

Ƙaiƙayin ya shige mini maƙogwaro,
na yi tari, na gaske, mai tono ƙirji.
Daga can turke Duna ya ɗaga kai,
ya amsa ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa samu ba.

Na jima a tsugune.
Sannan na tuna ban rufe akurki ba.