Baƙi

Na rubuta wa Alhaji Sha'aibu manhajar lissafi
a ɗakina na Samaru, bayan layin masu gyaran waya.
Buhu nawa ya shigo, buhu nawa ya fita,
riɗi daga arewa, citta daga kudu.
Shekara biyu ba ta taɓa yi masa gardama ba.

Sai ga Luo a sitonsa na Sabon Gari,
'yar Sin mai gane riɗi da murzawa a tafin hannu.
Ta ja kujera, ta ce za ta sa sunan kaya
da rubutun gidansu.
Ta danna z, manhajata ta cafke.
Ta danna h, ta cafke,
kamar kaza a bakin turmi.
Ta danna Enta don ta zaɓi kalmarta,
manhaja ta zaci an sallama ciniki,
ta rufe rasit, ta tura wa firinta.
Takarda ta fito: zhima, buhu sifiri.

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau.
"Tanimu, ashe abin naka bai san baƙi ba."
Ban tambaye shi wane baƙi ba,
na kan allo ko na kan kujera.

Kwana tara ina koyon abin da kakata ta sani:
ba a katse mutum yana tsakiyar magana.
Haruffan da Luo ke dannawa 'yan aike ne,
su tsaya a zaure da layi a ƙarƙashinsu
har mai saƙon ya iso.
Aikina in ce wa manhaja: dakata,
kada ki ƙirga, kada ki ajiye,
Entar nan ba taki ba ce tukuna.

Daren farko ƙaramar tagar zaɓi ta buɗe
can a kusurwar allo, nesa da inda ake rubutu,
kamar suruki mai kunya.
Na jawo ta. Ta koma. Na jawo ta.
Dare na huɗu na goge harafi ɗaya,
rabinsa ya tafi, rabi ya zama akwati.
Akwatin nan na san shi.
Shi ne ke zaune a takardar haihuwar ƙanwata
inda ya kamata a ga Ƙofar Doka.
Wuta ta ɗauke. Na zauna a duhu da kunyata,
domin ni ma, a manhajar da na gina da hannuna,
Kofar nake rubutawa, ba lanƙwasa.

Ran Talata na hau acaɓa, kwamfuta a goye,
ta Kwangila, ta PZ, ƙamshin citta har bakin titi.
Luo ta danna m, ta danna a.
Taga ta buɗe daidai ƙarƙashin yatsanta,
kalmomi a jere kamar 'yan tallan tasha.
Ta nuna: wannan uwa, wannan doki, wannan zagi,
murya ce ta raba su.
Na yi dariya, na rubuta mata gari a bayan kwali.
Na ce Alhaji ya karanta.
Ya ce, "Na zama ko na tuwo?"
Na rubuta kuka. Ya ce, "Na miya, in Allah ya so."
Mu tagarmu a ka take, Luo,
ba mu taɓa ganinta a allo ba.

Ta zaɓi ta farko. Harafi biyu suka sauka,
masu rufi da rassa kamar rumfar kasuwa,
suka zauna a gurbinsu, ba wanda ya kore su.
Firinta ta yi tari, ta miƙo rasit.

Alhaji ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa,
ya bar zanen, ya nemi lamba:
buhu ɗari huɗu da goma sha biyu. Daidai.
Ya ninke, ya sa a aljihu.
"To, baƙi sun samu masauki.
Yaushe za ka buɗe wa 'yan gida?"