Ƙofar da Ke Buɗewa Waje

Ni na gina ta farko.
Furba, magini, daga tuddan Sindupalcok.
Na jera dutse kan dutse, na liƙe da laka,
na ɗora mata rufin falalen dutse,
masu wucewa suka ce, kai, aiki ya yi kyau.
Na karɓi kuɗina na gangara gida.

Ranar Asabar ƙasa ta girgiza.
Asabar a nan ba a zuwa makaranta.
Kuka dai an yi shi, gida-gida,
amma ba a ajin nan ba.

Da yamma na hau tudun ni kaɗai.
Bangon gabas yana kwance kan benci goma sha ɗaya.
Benci ɗaya, yara huɗu.
Ban yi boko ba, amma wannan lissafin na iya shi,
kuma har yau yana tashe ni tsakar dare.

Bayan damina aka aiko mana injiniya,
Sarmila, yarinyar da ba ta kai 'yata ba.
Ta tsuguna, ta murje lakata da yatsu,
ba ta ce mini komai ba.
Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, Baba, bango ma yana son ɗamara:
ɗaya a gindi, ɗaya bisa taga, ɗaya ƙarƙashin rufi,
rodi da siminti, su zagaye shi su haɗe.
A kowace kusurwa dogon dutse ya ratsa,
ya riƙe wannan gefe da wancan
kamar dattijo tsakanin 'yan'uwa biyu.
Rufi kuwa kwano, marar nauyi.

Shekara talatin ina gini,
sai ga ni ɗalibi da furfura.
Tun ran gini ran zane, na san maganar,
ban san da ni take ba.

Sai ƙofa.
Na rataya ta yadda na saba, tana buɗewa ciki.
Ta ce, cire.
Yara arba'in in sun firgita, gaba suke turawa,
ƙofar nan za ta zame musu bango na biyar.
Na juya fatarta. Aikin rabin sa'a.
Na zauna kan bulo na daɗe ina kallon ta.

Yanzu farkon kowane wata akwai gwaji.
Malam Lakpa ya bugi tsohuwar tukunyar gas,
yara su shige ƙarƙashin tebur, su kama ƙafarsa,
su ƙirga, su fito layi, hannu bisa kai,
zuwa filin da ke nesa da gangaren dutse.
Kabad an ɗaure shi da bango.
Tankin ruwa an sauko da shi ƙasa.

Gwajin farko, aka kira suna a fili.
Talatin da tara.
Aka sake ƙirga. Talatin da tara.

Sukmaya tana aji, tana ƙarasa jimlarta.
Kurma ce, ƙararrawa ba ta je mata ba.
Duk ɗamararmu, duk rodinmu,
ba wanda ya tuna da kunnenta.

Washegari ƙawarta Cimi ta koma kusa da ita:
ja biyu a hannun riga, shi ne ƙararrawarta.
Aka maƙala jan ƙyalle gefen allo,
malam ya ɗaga shi kafin ya bugi ƙarfe.
Wata na biyu, arba'in cif.

Ban ce ƙasa ta yi mana alkawari ba.
Tana nan ƙarƙashin gonar masara, tana juyi,
kuma ba kullum ce Asabar ba.
Shi ya sa in na kai akuyoyi kiwo ta nan
nakan tsaya, in shafa bangon, in duba tsaga,
in shiga ajin, in tura ƙofar da yatsa ɗaya.

Ta buɗe.
Na ji ɗan ƙara yau. Gobe zan kawo mata mai.