Mai Tsaron Gida

Shekara goma sha ɗaya ana ce da ni mai tsaron gida,
ban san gidan da ake nufi ba
sai daren Talatar nan
da aka turo Dija daga ɗakin tiyata,
leɓunanta fari fat kamar layin da nake tsayawa a kai,
aka miƙo mini ke cikin tsohuwar atamfa.
Kilo biyu da 'yar ɗoriya, in ji ungozoma.
Hannun da ke tare bugun da ke karya yatsa
ya kama rawa.

Da safe na sami koci Bappa Njidda a bakin fili,
na ce mako uku nake so.
Ya cire usur daga baki ya dube ni:
"Kai ka haihu?"
Yara suka fashe da dariya, har mai wankin riguna.
"Lahadi muna Marwa. Ba ta da uwa ne?"
Na ce ba ta da ita.
Kwalara ta ɗauke ta a Kusuri muna wata biyar da aure,
tawa kuwa ƙafa ta hana ta zuwa ko bakin rijiya.
Ya sa hannu a takarda bai ɗago ba.
Sai da na kai ƙofa na ji: "Allah ya raya."

Yanzu atisayena kafin asuba ne:
faskare, hura wuta, tukunyar ruwan jego.
Gwaggo Asta ta maƙwabta ke zuwa wankan,
tana mita, wai namiji a madafa, duniya ta zo ƙarshe,
amma kunun kanwar da na dama
kofi biyu ta shanye.

Zafin Garwa ya sauko,
Binuwai ta janye jiki ta bar yashi,
wuta ta ɗauke tun azahar.
Da kwalin takalmin ƙwallona nake miki fifita.

Lahadi. Rediyo a kan taga, murya ƙasa-ƙasa.
Sali, yaron da ke riƙe mini safar hannu,
ɗan shekara sha tara, shi ke raga.
Minti tamanin da bakwai aka busa fenariti.
Na miƙe, kina kafaɗata,
gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu.
Na ce a raina: hagu, yaro, hagu!
Ya faɗi dama.

Ya kama.

Unguwar Yalwa ta ɗauki ihu.
Ba zan fara miki ƙarya kina 'yar kwana biyar ba:
wani abu ya tokare mini maƙogwaro.
Na hango benci.
Na hango kwantiragin da zai ƙare a Yuni,
kuɗin haya, sefa dubu arba'in da ake bin mu a kantin magani,
da shekara talatin da ɗaya da suka tare a gwiwata ta dama.
Dija ta ce, "Ka koma gobe in kana so."
Bango take kallo da ta faɗa.

Sai kika yi gyatsa,
kika zubo mini tumbuɗi a wuyan riga mai lamba ɗaya,
da ɗuminsa, da ɗan tsaminsa,
kika laluba kika kama ƙaramin yatsana,
wanda ya karye a Ngaundere bai sake miƙewa ba,
kika riƙe.
Ni da ake biya don riƙo
ban taɓa riƙe ƙwallo haka ba.

Na tura wa Sali saƙo:
ka yi ƙoƙari, amma ka rage fita daga layi.
Na kashe rediyo.

Jibi suna,
rago na can gindin darbejiya yana cin igiyar shanya.
Saura kwana goma sha shida.
Raga ta jira ni ko kada ta jira,
ruwa dai ya tafasa,
ga Gwaggo can tana buga ƙofa.