Babu Bambanci

Takardar ta fito ranar Laraba.
A tsaye na karanta ta, a ɗakin hutu na asibitin Esbjerg,
kofi yana huce mini a hannu.
Shafi goma sha ɗaya, shekara huɗu na rayuwata,
can ƙasa layi guda:
babu bambanci.

Tambayar ko yaro zai iya yin ta.
Wanda huhunsa ya gaza,
a cika masa iska ne, ko a auna masa daidai wa daida?
Mun jima muna murɗa makunnin har ƙarshe,
wai ai alheri ba ya yawa.

Aksel Bjerregaard, lamba ɗari biyu da bakwai.
Masunci ne, gishirin teku ya cinye masa tafin hannu.
Ƙarfe uku na dare aka turo shi,
leɓɓansa sun koma kalar toka.
Matarsa Inger-Lise ta riƙe biro a sama:
"Wane rukuni ya fi?"
Na ce ban sani ba.
"To likita fa?"
Shi ma bai sani ba, shi ya sa muke tambaya.
Ta yi mini kallon da ake wa mai tallar ruɓaɓɓen kifi,
sannan ta sa hannu.
Kwamfuta ta jefa ƙuri'a.
Aksel ya faɗa cikin masu samun kaɗan.

Kwana tara ina ɗibar jini, ina ragewa,
ina rubuta lamba a gefen lamba.
Ran na goma ya cika, ana yayyafi.
Ban faɗa wa kowa ba,
amma tun ranar in na taɓa makunnin nan
sai yatsuna su yi sanyi.
Ko ni na yi masa rowar iska?

Yau alƙaluma sun ce
waɗanda aka cika wa da waɗanda aka rage wa
kusan adadi ɗaya suka koma gida.
Dokta Thygesen ya ture takardar:
"An yi ba a yi ba ke nan."
Ban tanka ba.

Da na tashi aiki sai na hau keke zuwa bakin tashar jirgi.
Ta ce in sanar da ita, ko bayan shekara nawa ne.
Na same ta tana ferar dankali.
Rigarsa ta ruwa na nan a rataye bayan ƙofa.
Na fara zancen kashi cikin ɗari,
ta ɗaga wuƙa ta dakatar da ni.

"Solvej, ki ba ni a taƙaice.
Ba sa hannuna ba ne?"

Na ce ba shi ba ne.
Na so in ƙara, ba nawa hannun ba ne kuma,
maganar ta tsaya a wuya.

Ta daɗe tana kallon taga.
Sai ta ɗauko dankali biyu ta ƙara a tukunya,
ta turo mini kujera da ƙafa.