Kwalin Sukari

Inji ɗaya gare su, su sittin da uku,
ni ne cikon na sittin da huɗu.
Batirinsa ya tsufa, ba ya kai awa.
In kuran ya tafi sai ya bi shi,
ɗan akuya bayan uwa.

Ran Alhamis na shiga kasuwar Dole,
na roƙi Alhaji Mutari kwalayen sukari.
Ya ce, Mushe, wuta za ka hura?
Na ce, kusan haka.

Dare uku ina zana maɓallai da bik,
A, Z, E, R, T, Y,
maiɗakina na riƙe da tocila
tana cewa layin nan ya karkace,
ni ina cewa idonki ne.
Layin ne.

Yanzu kowane benci da nasa.
Yatsu suna sauka, ba ƙara, ba haske,
sai kiyashi da suka biyo zaƙi
suna tsallaka haruffa ba su karanta ba.

Lissafin inji kuwa, marafan kwalba.
Mun tsinto su bayan tasha, cike da kwano.
Kife sifili, buɗe ɗaya.
Shafi'u ya jera shekarunsa a kan tebur:
buɗe, buɗe, kife, buɗe.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, sha uku ke nan? Duka-duka?

Ran Talata ni ne injin.
Barira ta ce, Mushe, je ka ƙofa.
Na tsaya ƙyam kamar duwatsun Birni.
Ban san ƙofa ba, ban san je ka ba.
Ta ciji leɓe. Ta ce, taku gaba, maimaita.
Na taka, na maimaita, na maimaita,
har goshina ya gaisa da bango.
Ai ba ki ce in tsaya ba.
Dariyar ta kai ofishin darakta,
ya leƙo, ya ga farar ƙasa a hancina, ya koma.
Barira ba ta yi dariya ba.
Ta soke layi a kayenta, ta rubuta:
idan akwai bango, tsaya.
Darasin da na tanada wa watan gobe
ta ɗauke shi da kanta, ba sallama.

Ran Juma'a kuran ya zauna.
Na jera su, kowa ƙasa da minti ɗaya,
rubuta sunanka, ba wa na baya.
Tanimun ya danna, ya janye hannu da sauri:
Mushe, ya nutse!
Kwali bai taɓa amsa masa ba.

Sai ga Ɗayyaba, ƴar Garin Malam,
wadda ba a jin muryarta ko a kiran suna.
Yatsanta ya yi shawagi, ya rasa masauki.
Mushe, ina harafina?
Akwai D.
Wannan ba shi da ƙugiya.
Na buɗe baki in yi bayani,
fanka ta yi tari, fitila ta mutu.

Da yamma ina tattara kwalaye
na iske nata. Can gefe, inda na bar fili,
ta zana maɓallai huɗu da jan bik,
ɓ, ɗ, ƙ, ƴ,
layinta ya fi nawa miƙewa.

Har yanzu yana cikin jakata.
Litinin za ta tambaye ni.