Rumbun da Ba Shi da Kwaɗo

A bene na biyu na ɗakin karatu,
inda fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi,
nan nake zama da injin ɗaukar hoto
da tulin kundaye masu baƙin bango.
Shekara goma sha ɗaya ina jera su,
ban ga wanda ya nemi na kantar ƙasa ba
sai gara.
Ita kam ta yi karatu.
Ta cinye babi na uku na wani digiri kan gyaɗa,
ta bar mana godiya da sadaukarwa.

Wata Talata na jawo na Sagiru Ɗanbala:
rijiyoyin Sharaɗa,
alif ɗari tara da casa'in da huɗu.
Da tafireta aka buga shi,
duk ƙugiyoyin da biro ya bi ya lanƙwasa.
Gida saba'in ya shiga da kwalabe a jaka,
yana sallama, yana roƙon guga ɗaya.
Ya rubuta launin ruwan, ya rubuta zurfinsa,
ya zana taswira da hannunsa.
Sai aka ɗinke aikin, aka yi masa ruwan zinare a ƙeya,
aka ajiye,
kamar wanda ya yi shuka cikin akwati.

Shafi-shafi na kwantar da shi kan gilashi,
haske ya bi ta ƙarƙashinsa ya dawo.
A shafi na sittin aka ɗauke wuta.
Na sauka wajen Ɗanliti na sha shayi,
janareta ya yi tari ya tashi, na ƙarasa.
Kafin la'asar ya shiga rumbun jami'a:
suna, shekara, taƙaitawa, kalmomin nema.
Ba kwaɗo, ba mai gadi,
ba wanda zai ce kawo katinka.

Farfesa ya tare ni a matakala.
"Malam Tasi'u, in ba ku aikina ku baza a intanet,
wani yaro ya kwashe ya liƙa sunansa?"
Na ce, Allah gafarta malam,
ɓarawo duhu yake so.
Akuyar da duk unguwa ta san mai ita
wuyar sayarwa gare ta.
Wadda aka kulle a bayan gida ba wanda ya taɓa gani,
ita ce in ta ɓace ba shaida.
Ya gyara zaman tabarau, ya ce zai duba.
Har yau yana dubawa.

Na Sagiru kuwa, kullum da safe sai na leƙa.
Mutum huɗu. Tara. Arba'in da ɗaya.
Ban san su ba, su ma ba su san ni ba,
kowa ya ɗiba ya tafi,
rumbu yana nan yadda yake, ko tiya bai ragu ba.

Sai ga wata rana mace a bakin ƙofa,
farar riga ta ma'aikatan lafiya, waya a hannu
fuskarta duk ta tsage.
Ta ce sunanta Kubura.
A adaidaita ta same shi, cikin cunkoson Kabuga,
tana neman wani abu daban.
Ta ja taswirar da yatsu biyu har ta yi girma,
ta nuna mini ɗigo.
"Na talatin da ɗaya, gidanmu ne.
Rijiyar tana nan, yarana ma sun sha.
Zan sake aunawa, in ga abin da shekara talatin ta yi."

Ta tambaya ko Sagiru na raye.
Ban sani ba.
Na buɗe mata kundin na ainihi, ta shafa bangon
kamar mai gaida tsoho.

Da ta tafi na kashe fanka, na zauna jim.
Ana kiran magariba daga wajen Rijiyar Zaki.
Gobe na gyaɗar nan zan ɗauko,
abin da gara ta rage.