Wayar Kawu Bappah

Daren Talata na gama ta,
a Jekadafari, bayan an ɗauke wuta,
janaretan maƙwabci yana tari.
Manhajar lissafin buhuna ce:
wake nawa ya shigo, masara nawa ta fita,
wa ya biya, wa ya ce sai kasuwar Kumo ta ci.

A wayata ta kwarara
kamar ruwan Dadin Kowa ranar da aka buɗe dam.
Na ce da kaina: Ummulkhairi, kin iso.

Da hantsi na sauka Tudun Hatsi.
Kawu Bappah ya goge hannu a gefen riga,
ya zaro tasa daga aljihu,
gilashi a tsage, kyauro ya ɗaure murfi,
shekara bakwai tana shaƙar ƙaiƙayi.
Na zuba mata. Ya danna.
Fari. Baƙi. Ta koma inda ta fito.
Ya sake, da babban yatsa, kamar mai dangwala ƙuri'a.
Ta sake tsuke baki.

"Ba ta amsa gaisuwa ne?" in ji shi.
'Yan dako suka bushe da dariya.

Na leƙa cikinta: siga ta takwas.
Tawa ta goma sha huɗu.
Uwa ɗaya, uba ɗaya, suna ɗaya a goshi,
amma yaye shida ne tsakaninsu.
Tawa gidan zamani ce,
sai an yi sallama a kowace ƙofa:
in ga hotuna? in kaɗa ƙararrawa?
Tasa tsohon gida, zaure ɗaya,
in ka wuce shi ka wuce.
Ni kuwa na tsaya tsakar gidan
ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba a taɓa ginawa ba.

Na zagi wayar a zuci.
Na zagi tsarin da na ɗora aikina a kai,
wanda na koya da gaggawa,
ina tsallake bayaninsa kamar talla.

Dare na biyu, jan rubutu ya cika allo,
sai kakana na Dukku ya faɗo mini,
yadda yake ɗaure tsaiko a ƙasa
kafin a kawo ko dami ɗaya na shuci.
Yakan ce ciyawa ba ta zaɓar wurin kwanciya,
kara ne ke kiranta, layi bayan layi.
Mai gaggawa ya rufa ɗaki da rani,
damina ce za ta karanta masa aikinsa.

Ashe haka ne.
Na ɗauka akwatin kayan aiki aka ba ni,
in ɗauki guduma lokacin da na ga dama.
Ashe tsaiko ne.
Shi ke cewa yanzu aka farka, yanzu aka kwanta,
yanzu an juya waya, tattara kayanki.
Ba ni ke kiransa ba.
Nawa in cika gurbin da ya bari.

Kuma ga gurbin nan, shafi na uku,
inda ake tambayar waya shekarunta
kafin a ɗora mata kaya.
Layi huɗu. Layi huɗu kacal
suka ci mini kwana uku da kuɗin data.

Ranar Asabar na koma.
Kawu ya danna, ta buɗe,
buhunansa suka jeru, har da bashin Manga.
Bai ce madalla ba.
Ya nesanta ta da ido, ya matso da ita,
ya ce rubutun ƙwayar gero ne,
kuma wa ya ce mini da tiya suke awo a nan?

Ina gyara tiya zuwa kwano
sai ga Jauro na rumfar gaba
yana miƙo tasa, a naɗe cikin hankici.
Na duba.
Siga ta shida.